Sunan Nimet da Ragon Baffa

Ran sallar da ta wuce muna zaune a falona na unguwar Moss Side, kowa da farantinsa a cinya, na ji kuna kwaikwayon Baffanku na Birmingham, Allah ya jiƙansa. Sadiku ne ya fara. Ya ƙanƙance ido, ya shaƙe murya ya ce, "Ina Hajiya?" kuka bushe da dariya. Ke kuma Nimet kika ɗora da Turancin nan naki na Manchester mai fita ta hanci, wai mutumin nan har ya koma ga Allah bai taɓa kiran sunanki ba, tsabar taurin kai, don kawai ba sunan Hausawa ba ne. Ban tanka ba, ga surukai a wurin, ga nama a bakina. Amma maganar ta tsaya mini a rai har kuka watse. Abbanku ya tafi, Baffa ya tafi, matarsa ta tafi. Cikin waɗanda suka san yadda aka yi, ni kaɗai na rage, kuma ba zan bari ku ci gaba da yi wa bawan Allah dariya a kan abin da ba ku sani ba. Shi ya sa na ɗauki biro nake rubuta muku wannan.

Abbanku ya kawo ni Manchester ina amarya, shi yana karatun injiniya, ni kuwa ban san kowa ba sai shi da mai shagon da ke kwanar titinmu. Ɗaki biyu muka kama a irin gidajen nan masu manne da juna, inda in maƙwabci ya yi tari kana jinsa. Wansa, Yaya Sule, wanda kuke kira Baffa, ya riga shi zuwa ƙasar nan da daɗewa, yana aikin akanta a Birmingham tare da matarsa Yaya Asabe da 'ya'yansu maza huɗu. Shi ya riƙe Abbanku tun rasuwar mahaifinsu, shi ya sa shi makaranta, shi ya nema masa aurena. Saboda haka a gaban Yaya, Abbanku yaro ne, komai digirinsa. Ko a waya suke magana sai in ga ya ɗan rusuna yana "To, Yaya, to," kamar mutumin yana tsaye a kansa. Mahaifiyarsu, Hajiya, ta rasu dab da bikinmu. Sau biyu kacal na durƙusa na gaishe ta ina budurwa, amma suruka suruka ce, a raye ko a kabari, sunanta ba ya fita daga bakina.

Wata safiya na leƙa ta taga sai na hangi wata tsohuwa fara, gajeruwa, da ɗankwali ɗaure a haɓa, ta duƙa a bakin titi ta tsinci guntun burodin da wani yaro ya yar. Ta kakkaɓe shi, ta sumbace shi, ta kai shi goshi. Tausayi ya kama ni. Na ce a raina, wayyo, ashe har a ƙasar Turawa akwai masu yunwa haka! Na yi wuf na zuba shinkafa da miya a kwano na fita da sauri. Ina isa na tarar ta ɗora burodin a kan katanga, inda ƙafa ba za ta taka shi ba, tana goge hannu, rataye da wata jaka mai kyau da ta fi tawa tsada. Ta dubi kwanon, ta dube ni, sai ta fashe da dariya har da hawaye. Ni kuwa kamar ƙasa ta tsage in shige. Ta nuna burodin.

"Nimet," in ji ta.

Sannan ta dafa ƙirjinta ta sake faɗa. Ta karɓi kwanon kuma, ba ta mayar mini da shi ba sai washegari, cike da wani abu mai zaƙi da zuma. Ashe ƙofarta ce ke jikin tamu.

Baturkiya ce, mijinta tela ne ya rasu ya bar ta a gidan ita kaɗai. Ta ce in riƙa kiranta Teyze, wato ƙanwar uwa a harshensu. Turancinta gurgu ne, nawa na makaranta ne mai tsoron fita, amma muka gano muna da wata ajiya ɗaya. In ta ce bereket, na ji albarka. In ta ce rahmet, na ji rahama. Larabci ne ya biyo hanyarsu ya sa tufafinsu, kamar yadda ya biyo tamu ya sa namu. A haka ta fahimtar da ni sunanta. Ni'ima ce, wannan dai da muka sani, kyautar da Allah yake yi wa bawa ba don ya biya ba. Su Turkawa sukan ƙarasa irin waɗannan kalmomi da wani ɗan sauti a ƙarshe, sai ya zama Nimet, kuma suna sa wa mace suna sa wa namiji. Burodi ma haka suke kiransa, don a wurinsu shi ne ni'imar da ake gani da ido kullum, shi ya sa ba a barinsa a ƙasa. Ita kuma an haife ta a wani ƙauye na manoman alkama, a shekarar da ruwa ya dawo bayan fari. Ubanta yana gona aka je aka gaya masa, ya dubi sama ya faɗi sunan tun bai ga jaririyar ba.

Ba ke ce 'yar fari ba, Nimet. Kun san da wannan sama-sama, amma ban taɓa zama na ba ku labarin ba. Cikina na farko namiji ne, ya kai wata tara cif, ya zo babu rai. Tsakiyar hunturu ne. Abbanku da mutanen masallaci suka kai shi, ni ban ma san inda maƙabartar take ba. Yaya ya zo ta'aziyya ya wuni ya koma, ga aiki. Yaya Asabe tana fama da nata ƙaramin a asibiti. A gida da tuni ina ɗakin uwata, ana dafa mini ruwan wanka, ana dama mini kunun kanwa, mata suna shiga suna fita ko da ba jariri. A nan kuwa Abbanku ya yi 'yan kwanaki ya koma makaranta, don jarrabawa ba ta san mutuwa ba. Na rage ni da bango. Abin da ya fi ci mini rai, nono ya kawo, ya cika har yana zuba, babu mai sha. Ban san yadda zan yi ba, kuma ba maganar da zan yi da namiji ba ce.

Teyze ta ƙwanƙwasa ƙofa da safe, ta shigo ba ta jira izini ba. Ta dubi gaban rigata ta gane. Ta koma gidanta ta yago farin zanen gado, ta zo ta ɗaure mini ƙirji tamau da hannunta, tana wasu 'yan maganganu ƙasa-ƙasa kamar mai rarrashin yaro. Daga ranar ba ta bar ni ni kaɗai ba. Ta ce a wurinsu ba a barin mai jego ita ɗaya sai ta yi arba'in. Na ce mata ai ni ba ni da ɗa.

"Kin haihu," in ji ta. "Jiki bai san ya tafi ba."

Kullum Abbanku yana fita tana shigowa da saƙarta. Ta yi mini miyar wani jan wake ƙanana, ta dafa mini wani jan abin sha mai kirfa da kanumfari. Da na kwatanta mata wankanmu na jego, ta zaro ido ta ce za mu dafa mutum, amma ta riƙa tafasa ruwa a manyan tukwane tana jido mini har baho. Akwai ranakun da ba na iya cewa uffan, sai ta zauna kusa da hita tana saƙa har la'asar. Wallahi ban san abin da zan zama ba in da babu matar nan, kuma ba na son in sani. Ran da na cika arba'in na ce wa Abbanku, in Allah ya sake ba mu haihuwa ya zama mace, sunan wannan baiwar Allah nake roƙo. Idonsa ya kawo ruwa.

"Na ba ki," ya ce. "Allah ya kai mu."

Allah kuwa ya kai mu. Bayan shekara biyu kika zo, da bazara, da kuka kamar an mintsine ki. Abbanku ya ɗauke ki a asibiti ya yi miki huɗuba a kunne da sunan da ya yi mini alkawari. Kun san al'adarmu, suna ba ya fita sai ran bakwai, daga uba sai wanda ya ga dama ya gaya wa. Yaya da ya ji mace ce, murna kamar ya taka rawa. Ya ce ragon suna nasa ne, kada kowa ya taɓa. A ƙasar nan ba a yanka a tsakar gida, to shi yana da wani mahauci a unguwar Small Heath ta can Birmingham da zai kai shi har mayanka da asuba, ya tsaya a kan ragon da kansa, sannan ya ɗauko naman a mota ya taho. Bai tambayi suna ba. Me zai tambaya? Mace ta farko a gidan, uwarsu ta rasu, ai ko yaro ya san sunan da za a sa. Abbanku kuma bai faɗa ba, don nauyin Yaya ya hana bakinsa buɗewa. Kullum sai in ce masa ya gaya wa Yaya, ya ce yau zai gaya masa. Ya je ya ɗauki waya, ina jinsa daga ɗaki, a yi maganar girman rago, a yi maganar hanya, a yi maganar wa zai zo wa ba zai zo ba, sai in ji "To, Yaya, sai kun iso." Ya dawo yana sosa ƙeya. Mutumin da yake lissafin ƙarfen gada ya kasa faɗin kalma ɗaya har mako ya ƙare.

Ran suna ta faɗo ranar aiki. Maza suka cika falo tun da sassafe, kowa yana duban agogo. Yaya ya maƙale a gosulo a babbar hanya, kuma lokacin ba wayar hannu. Malam Garba, wani dattijo Bahaushen Kumasi da yake mana limanci, ya ce tunda an tabbatar an yi yanka da asuba, a raɗa suna mutane su kama gabansu. Ina jin a ransa Abbanku har hamdala ya yi. Ya raɗa wa Malam a kunne, Malam ya ɗan dakata, ya sa aka maimaita masa, sannan ya ɗaga murya ya faɗa. Aka shafa fatiha, aka raba dabino da goro. Teyze tana zaune kusa da ni a ɗaki, ba ta san komai ba sai da ta ji sunanta ya fito daga bakin maza. Ta dube ni, ta rufe fuska da gefen ɗankwali, kafaɗunta suna rawa. Ba a yi nisa ba muka ji tsayuwar mota. Yaya ya shigo da babbar riga, yaransa biyu a baya suna ɗauke da nama a manyan robobi, fuskarsa kamar an yi masa albishir da kujerar Makka.

"Ina Hajiya?" ya ce tun daga ƙofa. "Ina uwata? A miƙo mini uwata in gani!"

Maza suka dubi juna. Malam Garba ne ya yi ƙarfin hali ya ce, "Alhaji, ai sunan yarinya Nimet."

"Wa?"

Aka sake faɗa masa. Ya juya ya dubi Abbanku, Abbanku yana duban kafet. Yaya bai ɗaga murya ba, shi ba mai hayaniya ba ne. Cewa ya yi, "Ni da bakina na ambaci sunan Hajiya a kan ragon nan kafin a sa wuƙa." Ya sa yara suka ajiye naman a kicin, ya karɓe ki ya yi miki addu'a, ya miƙo ki. Ko ruwa bai sha ba ya koma Birmingham.

Abin da ya biyo baya shiru ne, kuma shirun Yaya ya fi faɗan wani ciwo. Abbanku ya kira, Yaya Asabe ta ce ba ya nan. Ya sake kira, aka ce yana salla. Saƙo ɗaya ya zo ta bakinta: in ma'anar ake so, ga Ni'imatu nan a gida, ba sai an je Turkiyya aro ba, amma shi abin da ya sani, rago ya faɗi da sunan Hajiya. Malam Garba ya ce a shari'a sunan da uba ya raɗa shi ne suna, amma ya ƙara da cewa zumunci ma ba abin wasa ba ne, wato dai ya bar mu inda ya same mu. Ga hukuma ta ba da mako shida a je a rubuta sunan jariri, kuma abin da aka rubuta ya zauna. Abbanku ya rame. Ya daina cin abinci sosai. Wata rana yana wanke kwanuka, ya ba ni baya, ya ce ko za a rubuta na Hajiya a takarda, a gida kuma mu riƙa kiran wanda muke so.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce, "Kai ka ba ni, ba ƙwata na yi ba. In za ka karɓe, juyo ka dube ni ka karɓe."

Bai juyo ba, bai kuma sake tayar da maganar ba. Amma na san ina raba mutum da wanda ya zame masa uba, kuma abin yana damuna. Teyze ma ta lura, don ba a ɓoye wa mai shigowa kullum komai. Ta ce in bar shi, ita ta riga ta ji sunanta a bakin liman, ya ishe ta har ta mutu. Na ce mata ba ita ta roƙa ba, don haka ba ita za ta yafe ba.

Da na yi arba'in, saura kwana biyu wa'adin hukuma ya cika, na ce zan fita yawon arba'in kamar kowace mai jego, in kai jaririya gidan dangi. Dangin da muke da su a ƙasar nan kuwa gida ɗaya ne. Abbanku ya ce in jira Asabar ya kai ni. Na ce ya yi zamansa, an ga iyakar tasa. Teyze ta ce ba za a bar ni in hau bas da jaririya ni kaɗai ba, ta ɗauko jakarta. Haka muka tafi Birmingham mu uku, muka sauka muka sake hawa wata bas zuwa Sparkhill, unguwarsu Yaya, ta cikin shagunan atamfa da na kayan miya. Yaya Asabe ta buɗe ƙofa ta ce, "La ilaha illallahu, Binta, ke da wa?" Ta rungume ki tana share hawaye. Muka zauna har Yaya ya dawo daga ofis.

Ku da kuka tashi a nan ba za ku gane nauyin abin da na yi ba. Matar ƙane ba ta zama gaban wan miji ta yi masa bayani. Gaisuwa ce daga bakin ƙofa, kai a sunkuye, a wuce. Ni kuwa na durƙusa a gefen kujerarsa na ce ina da magana. Na ce masa ni na roƙi sunan, ba ƙanensa ba ne ya raina shi. Na gaya masa abin da ya faru bayan ya yi ta'aziyya ya tafi a wancan hunturun, har da abin da mace ba ta faɗa wa namiji, har zanen gadon. Ban tsaya ba sai da na kai ƙarshe. Yana sauraro yana juya makullin mota a hannu.

"Me ya hana a gaya mini?" ya ce. "Mako guda ina waya da yaron nan."

Na ce, "Nauyinka ne, Yaya."

"Nauyi." Ya girgiza kai. "Ran da aka haife ta na aika gida cewa Hajiya ta dawo. Har 'yan'uwanta sun yi sadaka."

Sannan ya faɗi abin da ko Abbanku bai sani ba. A ciwon Hajiya na ƙarshe ya je gida jinya. Hajiya tana kwance, aka nuna mata hoton yaransa, ta yi murmushi ta ce, "Sule, duk maza? Ni ba mai yi mini takwara ke nan?" Ya ce mata in Allah ya yarda mace ta farko da za a haifa a gidan nan tata ce. Bayan ƙaraminsu kuma likita ya ce Yaya Asabe ta gama haihuwa. Sai na gane ashe alkawari biyu ne suka haɗu a kan jaririya ɗaya, kowa da nasa, kuma kunya ta hana kowa faɗa. Da ya ce in canza a wannan lokacin, ban san me zan ce ba.

Ya ɗaga kai ya dubi tsohuwar da take zaune a ƙarshen kujera da jakarta a cinya, ba ta jin ko kalma ɗaya cikin abin da muke faɗa.

"Ita ce?"

"Ita ce."

Ya tashi ya je gabanta ya gaishe ta da Turanci, a tsaye, hannu a ƙirji. Ya yi mata godiya. Sannan ya tambaye ta 'ya'yanta nawa, suna ina. Ta buɗe tafin hannunta biyu ta nuna masa babu komai, tana murmushi. Ya daɗe a tsaye. Ya dawo ya zauna, ya ce a miƙo masa ke.

"Hajiya ta bar maza biyu masu yi mata addu'a," ya ce. "Wannan baiwar Allah fa, wa ta bari? Je ki rubuta, Binta. Wata macen za ta zo in sha Allahu, sai a sa na Hajiya." Ya ƙura wa fuskarki ido. "Amma ni na riga na gan ta a matsayin uwata. Bakina ba zai juya ba. Ku bar ni in kira ta yadda na saba."

Wannan ita ce "Hajiya" da kuke kwaikwayo kuna dariya. Kuma ba gaskiya ba ne cewa bai taɓa faɗin sunanki ba. A makon nan ya ce ragon farko ya zama sadaka ga mahaifiyarsu, yarinya kuwa ba za ta zauna ba rago ba. Ya koma wurin mahaucinsa ya sayi wani. Yaya Asabe ta ce mini tun daga gida har mayanka yana maimaita sunan a mota, yana tambayarta ko haka ake faɗa, don kada ya yi kuskure a kan wuƙa. Ya faɗe shi a kan ragon, a inda ya kamata, ya kawo mana naman da kansa, ya zauna ya ci tuwo.

Teyze ta ga tafiyarki, ta ga shigarki makaranta. Ke ce kike riƙe mata zare in tana saƙa, ko da yake kin ce ba ki tuna komai sai ƙamshin kirfa. Da ta rasu, 'yan'uwan mijinta suka kai ta ƙauyensu. A wurinmu uwa takan ɓoye sunan babbar 'yarta, ta laƙaba mata wani don kunya. Ni ban yi ba, mata sun yi ta tsegumi, na ce su yi. Sunan da na hau bas har Birmingham a kansa ba zan ɓoye shi ba.

Macen da Yaya ya ce za ta zo ba ta zo ba. Bayanki Sadiku ne, sai Aminu, sai Bashir. Duk haihuwa Yaya zai kira ya ce, "Me aka samu?" a ce namiji, ya ce, "Madalla, Allah ya raya," kuma ba ka jin komai a muryarsa sai ka san shi. 'Ya'yansa suka girma suka yi aure, jikoki mata suka zo, aka sa musu su Amira da su Laila, sunayen da iyayensu suka ga sun yi daɗin faɗa a makaranta. Bai taɓa buɗe baki ya roƙa ba. Ya ce mini shi ba zai ɗora wa yaro nauyin da ya sa ƙanensa ya kasa magana ba. Haka ya rasu da alkawarinsa a hannu, kuma ni ce na ci ribar haƙurinsa. Ban yi nadama ba ko sau ɗaya, amma ina jin ciwon abin har yau.

Bayan sallar nan na zauna na yi tunani, sai na ga wani abu da ya tayar mini da hankali. Abbanku bai taɓa faɗin sunan mahaifiyarsa a gabanku ba, ɗa ba ya faɗa. Baffa haka. Ni da Yaya Asabe surukai ne, ba ma faɗa. Kowa ya girmama ta har sunan ya ɓace a tsakaninmu. Na gwada Bashir a waya, na ce ya sunan kakarka ta wajen uba, ya ce, "Ba Hajiya ba ne?" Yanzu duk faɗin ƙasar nan ni kaɗai na san shi. Ba roƙonku nake ba, kowa da matarsa ko mijinsa, kowa da wanda ya riƙe shi a ranar da ba kowa, kuma ni ce ta ƙarshe da za ta hana mutum saka alheri da suna. Amma ba zan tafi da shi ba. Bakina bai taɓa faɗa ba kuma ba zai fara da tsufa ba, sai dai biro ba shi da suruka.

Sunan kakarku Rakiya.